Faifai Mai Iyo: Kiwon Kifin Diskos a Ƙasar Gaiwa

Idan rani ya yi nisa, Gulbin Maradi ya janye ya bar yashi da tsattsagaggen laka daga Tibiri har Gidan Rumji, akwai kifin da ba ya bin ruwa ya tafi. Gaiwa ke nan. Takan nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar fata, ta bar 'yar kafa guda ta shaƙar iska. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta, har ruwan damina ya zo ya tashe ta. Shi ya sa in ɗan kasuwa ya koma cin uwar kuɗinsa ake kwatanta shi da gaiwa mai cin jikinta.

Wanda ya tashi a ƙasar da kifi ke jure irin wannan wahala, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka kowane kifi mai taurin rai ne. Tarwaɗa ma tana ƙara masa wannan zato: a bar ta a daro da ɗan ruwa rabin yini a kasuwa, tana nan tana motsa gashin bakinta. Sai ga wayar hannu ta kawo wa matasa bidiyon wani kifi na daban. Zagayayye ne kamar faifai, fale-fale, jikinsa ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, yana tafiya sannu a cikin akwatin gilashi kamar basarake ranar hawan salla. Sunansa diskos, daga sunan faifan nan da 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle ke jefawa. Masu kiwon kifin ado suna yi masa kirari da sarkin akwati, kuma sarautar tasa ta gaske ce, domin ba ya cin wuya, ba ya kuma yafe sakaci.

Ana iya kiwonsa a Gidan Rumji? Ana iyawa. Amma duk wanda ya shiga zai gane cewa mafi yawan aikinsa kula da ruwa ne, kifin yana biyo baya.

Asalin diskos kogin Amazon ne da rassansa, a Kudancin Amurka, galibi a Barazil. Wani masanin dabbobi ɗan Ostiriya, Johann Natterer, ya yi shekara 18 yana tattara halittun Barazil, daga 1817 zuwa 1835. A cikin abin da ya aika gida ne Johann Jakob Heckel ya sami wannan kifi a gidan tarihi na birnin Biyana, ya raɗa masa sunan kimiyya Symphysodon discus a 1840. A 1904 wani Bafaranshe, Jacques Pellegrin, ya bayyana ɗan uwansa na biyu. Na Heckel ana gane shi da wani baƙin zane mai kauri da ya ratsa tsakiyar jikinsa daga sama zuwa ƙasa.

Ɗaya daga gidajensa shi ne Riyo Negro, wato Baƙin Kogi, wanda ke haɗuwa da babban kogin kusa da birnin Manaus. Ruwansa kamar baƙin shayi yake, saboda ganyen daji da ke jiƙewa a cikinsa shekara da shekaru. Kusan babu gishirin ƙasa a ciki, kuma yana da tsami. Kowace shekara ruwan yakan tashi kimanin mita 10 ya shiga daji, kifi ya bazu cikin itatuwa; in ya ja baya sai diskos su taru garke-garke a ƙarƙashin rassan da suka faɗa ruwa. Ruwa mai ɗumi, mai laushi, marar gudu sosai, mai inuwa. Wannan ne duniyar da jikinsa ya sani.

Sai dai yawancin waɗanda ake gani a bidiyo ba su taɓa ganin Amazon ba. Ƙyanƙyasar gona ce. A ƙarni na 20 mutane irin su Jack Wattley a Filorida da likita Eduard Schmidt-Focke a Jamus sun shafe shekaru suna zaɓen masu kyawun launi suna haɗa su. Daga baya harkar ta koma hannun gonakin Asiya, musamman Tailan da tsibirin Penang na Maleshiya. A farkon shekarun 1990 aka fito da wani iri a Tailan mai jan zane a kan farin jiki, wanda sunansa ke nufin jinin tattabara, kuma daga gare shi aka sami launuka da dama da ke kasuwa yau. Waɗannan na gona sun fi na daji haƙuri da ruwan gida, kuma su kaɗai ya kamata sabon shiga ya yi tunani a kansu.

Abin da zai ba mutumin Maradi mamaki shi ne, wannan baƙon ɗan uwan karfasa ne. Dangi ɗaya suke, wanda masana ke kira sikilid, dangin da ya shahara da kula da 'ya'ya. Masuntan tafkin Madarunfa sun san halin karfasa: wani lokaci a kamo mace a ga ta tofar da ƙwai ko 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya daga bakinta, domin a nan take renonsu, ba ta cin abinci har su yi ƙwari. Diskos ya ɗauki wata hanya, wadda ta fi wannan ban al'ajabi.

Namiji da mace sukan zaɓi juna, su ware daga garke, su sami wuri a tsaye, kamar jikin itace ko bututun roba, su yi ta goge shi da baki. Mace ta bi daga ƙasa zuwa sama tana manna ƙwai a jere, namiji ya biyo bayanta. Daga nan sai gadi, suna yi wa ƙwan fifita da fikafikansu, suna cire wanda ya yi fari ya lalace. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwai ya fashe. Bayan wasu 'yan kwanaki 'ya'yan su fara iyo, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kuma ba sa neman abinci a ko'ina sai a jikin iyayensu. Iyayen kan yi duhu, fatarsu ta fitar da yauƙi mai kauri, 'ya'yan su yanyame su kamar ƙudan zuma a bakin amya, suna tsattsaga. In uwa ta gaji sai ta matso kusa da uba, ta yi wata girgiza guda, ta wuce fit. Garken duka ya zube a kan uban, ci ya ci gaba. Wanda ya taɓa zama gaban gilashi ya ga wannan miƙa aiki tsakanin miji da mata ba ya mantawa.

An daɗe ba a fahimci haka ba. Masu kiwo na farko sukan raba ƙwai da iyaye, kamar yadda suka saba yi da wasu kifaye don kada a cinye, sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe lafiya su mutu da yunwa. A 1959 wani masani, W. H. Hildemann, ya wallafa bayanin wannan hali a mujallar kimiyya. A 2010 kuma Jonathan Buckley da Katherine Sloman na Jami'ar Plymouth a Ingila, tare da Adalberto Val na cibiyar binciken Amazon da ke Manaus, suka bi lamarin daki-daki. Suka gano cewa yauƙin yana ƙaruwa da furotin da sinadaran garkuwar jiki a lokacin reno, kusan kamar nonon farko na dabbar da ta haihu. Mako biyu iyaye na ba da jikinsu ba musu. A mako na uku sai su fara zillewa, 'ya'ya na bin su. A na huɗu sai gudu sosai, har ƙananan su haƙura su koma neman abinci da kansu. Yaye ke nan, ba ragi. Gaiwa tana cin jikinta don ta ga damina, shi kuma diskos yana ba 'ya'yansa nasa su ci.

To, sai batun ruwa, inda ake yin ta ko a bar ta.

Masu kiwo suna auna abubuwa biyu. Na farko ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. Baƙin Kogi yakan sauka ƙasa da 5. Na biyu nauyin ruwa, wato yawan alli da gishirin ƙasa da suka narke a ciki. Wannan ko ba na'ura ana iya samun alamarsa: a leƙa cikin butar da aka daɗe ana dafa shayi da ita. In farin ɓawo ya kama gindinta, in kuma sabulu na wuyar kumfa, ruwan yana da nauyi. Diskos na gona zai rayu ya girma a ruwa mai matsakaicin nauyi, da pH tsakanin 6 da 7 da ɗoriya, muddin bai riƙa sauyawa ba. Hayayyafa ce ke buƙatar ruwa mai laushi sosai, domin a ruwa mai nauyi ƙwan yakan ƙi fashewa.

Rijiya da rijiya sun bambanta, ko da a unguwa ɗaya. Mutanen wannan yanki kuwa ba sa buƙatar a koya musu cewa garai-garai ba shi ne lafiyar ruwa ba. A Tibiri, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya zo da sinadarin fuloraid fiye da kima, ba launi ba wari, aka yi shekaru ana sha kafin a gane. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan wasu suka tanƙware. Wannan magana ce da ta fi ƙarfin zancen kifin ado nesa ba kusa ba. Amma ta isa ta sa mutum ya nemi 'yan kwalaben gwajin ruwa tun kafin ya nemi kifi.

Ruwan famfo yana da kulorin, ɗan uwan ruwan jabel, wanda ke ƙona harzar kifi. Maganinsa a tara ruwan a tano mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin gona ba, a sa masa bututun iska ya kwana. Ruwan sama shi ne mafi kusa da na Amazon, kyauta ne kuma, sai dai damina a nan wata uku zuwa huɗu ce, kuma ruwan farko da ya wanke kwanon rufi da ƙurarsa da kashin tsuntsu ba ya shiga lissafi. Ba a kuma amfani da shi zalla, sai an gauraya da na rijiya, domin ruwan da ba gishiri ko kaɗan tsaminsa kan yi faɗuwar ba-zata.

Akwatin kansa ba ƙaramin kaya ba ne. Diskos yakan kai santimita 15, wani ya fi, kuma ɗan garke ne. In aka ajiye biyu ko uku, mai ƙarfi zai takura wa rarrauna har ya daina ci; sai sun kai biyar ko shida faɗan ke rarrabuwa. Ana ba kowane babba lita 40 zuwa 50. Ke nan akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wanda ke cin lita 300. Lita guda kilo guda ce. A haɗa da nauyin gilashi mai kaurin milimita 10, an wuce kilo 350, wato buhun hatsi uku da rabi na kilo ɗari-ɗari a kan teburi guda. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Sai maƙeri ya haɗa na ƙarfe, a daidaita ƙafafunsa a kan siminti, a shimfiɗa soso tsakaninsa da gilashin. Mai yanka gilashi kuma a ja masa kunne kan silikon: wanda ake sa wa bayi yakan zo da maganin hana fumfuna, kuma wannan magani guba ne ga kifi.

Kuskuren da ya fi kashe kifin sabon shiga shi ne gaggawa. A cika akwati da safe, a zuba kifi da yamma, bayan mako guda a fara kwashe gawa. Dalili kuwa, kifi yana fitar da amoniya, sinadarin nan mai warin tsohon fitsari, ta harzarsa da kashinsa. A kogi ruwa ke tafiya da shi. A akwati ba inda za shi, sai in wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun zauna a cikin matatar ruwa, su juya shi zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su juya wannan zuwa naitiret, mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawa akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Duk tsawon lokacin akwatin fanko yake, matata na aiki, ana jefa ɗan abinci yana ruɓewa, ana gwaji. Maƙwabta za su yi ta tambaya ina kifin. Sai a yi haƙuri da su. Ƙarin abin lura shi ne, amoniya ta fi dafi a ruwa mai zafi da ya karkata wajen kanwa.

Naitiret ɗin da ya taru kuwa ba mai cire shi sai guga. Kowane mako a sa tiyo a tsotse ƙazantar ƙasan akwati, a fitar da kashi ɗaya cikin uku, a mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Lita 100 ke nan, bido biyar na lita ashirin, kowane mako, duk shekara. Masu renon ƙanana ma kullum suke sauyawa. A gidan da ake sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, wannan lissafi ne da ya kamata a yi tare da uwargida. Abin da zai iya sanyaya mata rai shi ne ruwan da aka fitar taki ne mai kyau: zogale da yakuwar bayan ɗaki za su shaida.

Ga zafi mutum zai ce ai an gama, tunda diskos digiri 28 zuwa 30 yake so, mu kuwa zafi ne arzikinmu. Ba haka abin yake ba. A watan Disamba da Janairu, daren hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a yankin Maradi. Ruwan da ya yi sanyi zuwa 24 ya kwana biyu a haka ya isa ya sa kifin ya yi baƙi, ya maƙale a kusurwa, ya ƙi abinci, cuta ta samu ƙofa. Dole a sami na'urar ɗumama ruwa mai kashe kanta, wajen wat 300 ga akwati irin wannan. A Afrilu da Mayu kuma, lokacin da rana ke wuce digiri 40, matsalar ta juya. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar shaƙa kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa bakwai da rabi, kuma tana ƙara raguwa in zafi ya hau. Ɗakin kwano marar silin a bazara tukunya ce. Tsohon soron ƙasa mai kaurin bango, wanda matasa ke rainawa, ya fi dacewa da diskos nesa, domin ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi. In ruwa ya doshi 33, a buɗe murfi a kunna ƙaramar fanka tana hura samansa. Hikimar randa ce: ruwan da ke tashi sama yana tafiya da zafi.

Duk wannan ya rataya ne a kan wuta. Lantarkin yankin Maradi da Damagaram an daɗe ana jawo shi daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yuli, aka shiga 2024 ana fama. Mutum yakan jure, ya fita waje ya sha iska. Akwatin kifi ba ya fita. In matata ta tsaya sa'o'i da yawa ƙwayoyin cikinta sukan shaƙe su mutu, wuta na dawowa ta watso ruɓaɓɓen ruwa kan kifin. Saboda haka matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa da nan fiye da manyan injuna masu tsada. Famfon iska 'yan wat kaɗan yake ci; ƙaramin allon sola da batir sun ishe shi dare da rana. Na'urar ɗumi ce batir ba ya iya ɗauka cikin sauƙi. Daren sanyin da aka ɗauke wuta, sai a lulluɓe akwati da bargo ta kowane gefe, a dafa ruwa a gawayi, a cika gorunan roba a rufe su tam, a sa su yi ta yawo a saman ruwan, a tashi tsakar dare a sauya.

Akwai kuma maƙiyin da littattafan Turai ba su cika ambata ba, domin su ba su da sauro irin namu. Maganin feshi da igiyar hayaƙi ta sauro suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne, kuma famfon iska zai tsotso su daga ɗaki ya tura cikin ruwa. Ɗakin da akwati yake, gidan sauro ne kawai mafita. Haka hannu mai sabulu ko man shafawa, haka ƙurar hunturu in ba murfi.

Abinci bai da wuya. Masu kiwo sun daɗe suna ba shi zuciyar saniya, a cire kitse da jijiya a niƙa, abin da kowane mahauci zai iya samarwa. Amma tana ɓata ruwa da sauri, kuma ajiyarta sai firji mai wuta, don haka busasshen abincin kanti mai nutsewa a hankali ya fi kwanciyar hankali. Abin da ba a cinye ba cikin 'yan mintoci, a tsotse shi.

Kafin kifin ya iso, ya riga ya sha hanya: daga gona a Asiya ko Turai, cikin leda mai iskar shaƙa, a akwatin soso, ta jirgi, sannan hannun dillali. Daga Yamai zuwa Gidan Rumji kusan kilomita 600 ne a mota, ta Kano kuma sai an ratsa Katsina da iyakar Jibiya. A zaɓi watan da ba tsananin zafi ko sanyi. A zaɓi kifi mai cikar goshi, mai zagayayyen jiki, wanda ke tahowa gaban gilashi in an matso. Wanda idonsa ya yi wa jikinsa girma tsumburarre ne, ba zai ƙara girma ba komai gata. A kuma sayi garken duka wuri ɗaya, domin kifin gonaki biyu sukan shafa wa juna cutar da ɗaya ya saba da ita ɗaya bai saba ba.

Mai hikima ba zai fara da diskos ba sam. Zai haɗa akwatinsa, ya bar shi ya nuna, sannan ya nemo 'ya'yan karfasa huɗu ko biyar daga masunta, ko wani ɗan uwansu mai jan ciki da ake kira kiribensis, wanda asalinsa kudancin Najeriya ne kuma ya cika akwatunan Turai. Ya riƙe su shekara guda cur, da hunturunta da bazararta da daminarta, yana rubuta zafin ruwa safe da yamma a littafi, da sa'o'in da aka ɗauke wuta, da bidon da ya saya. Karfasa za ta tone masa yashi, ta cinye duk tsiron da ya dasa, ta yi girman da akwatin zai yi mata kaɗan. A ƙarshen shekara littafin zai gaya masa ko gidansa na iya karɓar baƙo daga Amazon, karfasar kuma ta shiga tukunya.